Firji ka saya ko mota?

Wata Asabar ce a farkon Disamba, shekarata ta biyu a Winnipeg, kuma sanyin farko da Inna ta gani a Kanada. Tara saura kwata muka fito za mu kai yara Islamiyya a masallacin da ke titin Waverley, waya tana nuna digiri 24 ƙasa da sifili. Mu takwas ne a motar: ni da maman yara a gaba, 'ya'yanmu uku, yaran maƙwabcinmu biyu, sai Inna can kujerar ƙarshe. Ita ta zaɓi wurin da kanta, wai ba ta son ganin titi yana taho mata.

Ba mu yi minti goma a hanya ba gilasan gefe suka yi fari fat, kuma daga ciki. Na duba madubin tsakiya, ba abin da na gani sai farin allo. Da zan sauya hannu a titin Pembina sai da na sauke gilashina na leƙa, iskar da ta shigo kamar an watsa mini allurai a kunci. Babban ɗana ya zaro katin laburarensa yana kankare taga, garin ƙanƙara na zubo wa ƙanwarsa a cinya tana ihu. Mu a gaba hita tana ɗan hura mana abin da za a kira ɗumi don kunya. Sai muryar Inna ta fito daga cikin bargo biyu: "Kai ɗan nan, firji ka saya ko mota?" Ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ne na fari, amma ranar ko da ta kira shi ba zai kai wannan tambayar zafi ba.

Motar tsohuwa ce, 'yar 2011, mai kujera takwas da ƙofa mai ja, irin waɗanda ake lodin Kano zuwa Abuja da su. A watan Yuli na saye ta, lokacin da mutum ba ya tunawa da hita. Na gwada esi, na saurari inji, na duba taya, na biya. Ko madannin hitar baya ban taɓa ba.

Abin da na fara yi shi ne abin da duk wanda ya tashi a Zariya zai yi. Mu abin da muka sani da hunturu shi ne a toshe kafa: a rufe taga, a cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa, a hana ƙura da iska shigowa. Saboda haka na danna madannin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe, wanda ke sa iskar ciki ta riƙa juyawa a ciki, na bar shi a kunne dindindin. Na bi bayan mota ina laluben inda sanyi ke shigowa, na gano wasu 'yan ramuka masu raga a jikin bangon but, kusa da fitilun baya, na liƙe su da salatif ina jin na yi dabara. Sannan na sayo wata 'yar hita da ake soka wa a ramin cajin waya, na ɗora ta kusa da ƙafar Inna. Kwana uku ta yi tana kukan sauro, a na huɗu fis ya ƙone. Daga baya na yi lissafin da ya kamata in yi kafin in ba da kuɗina: ramin yana ba da bolt 12, fis ɗinsa amfiya 15, ka ninka su ka sami wat 180 iyaka. Dutsen guga na gida ya fi wat dubu. Da ƙarfin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na dutsen guga ba nake son ɗumama mota guda a sanyin Manitoba, lardin da Winnipeg take ciki.

Har na fara cigiyar 'yar hita mai tukunyar gas, irin ta masu kamun kifi a kan daskararren kogi, sai maman yara ta taka mini birki. Ta ce, "Malam, ka manta mutanen da ake tararwa da safe a ɗaki da kaskon garwashi?" Ban manta ba. Kowane hunturu a gida sai an ji labarin waɗanda suka kwanta da wuta a rufaffen ɗaki ba su farka ba, iskar da ba ta da wari ba ta da launi ta ɗauke su cikin barci. Ga shi kuma gas ɗin idan ya ƙone ruwa yake fitarwa, kilo ɗaya ya ba da fiye da lita ɗaya da rabi na ruwa a matsayin tururi. Da na yi, da na haɗa wa kaina masifa biyu.

Wani abokin aikina ne ya tura ni wurin wani tsohon bakanike a arewacin gari, Bature wanda kakanninsa suka zo daga Yukren, kamar dai mutane da yawa a unguwar. Ina cikin zayyana masa matsalar kujerar baya ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Abokina, bar maganar baya tukuna. Idan ka yi rabin awa kana tuƙi, allurar zafin inji ina take tsayawa?" Na ce ƙasa-ƙasa, da ƙyar take ɗagowa daga layin farko, ni ma har ina jin daɗi, injina ba ya zafi. Ya yi dariya har da tari.

A nan na koyi abin da shekara goma sha biyar ina tuƙi ban sani ba. Motar fetur ba ta da wata wuta ta musamman da take ɗumama mutane. Zafin inji ne ruwan lagireto ke ɗaukowa, ya bi tiyo zuwa wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa. Idan injin bai yi zafi ba, babu abin da zai raba wa kowa. Abin da ke riƙe masa zafin kuwa wani ɗan murfi ne da ake kira tamostat, wanda ke hana ruwa zuwa babban lagireto har sai ya kai wajen digiri 90. Nawa ya maƙale a buɗe, ruwa yana ta zagayawa gaban mota, iskar digiri 24 ƙasa da sifili tana sanyaya shi kafin ya yi wani zafi. Na tuna bakanikenmu na Sabon Gari, wanda duk motar Beljiyam da aka kawo masa abin da yake fara yi shi ne ya cire wannan ɗan murfin ya wurgar, ya ce kayan ƙasar sanyi ne, ya cika lagireto da ruwan rijiya. Da na ba tsohon labari sai ya ce in gwada ruwan rijiya a nan dare ɗaya in ga: ruwa idan ya daskare kumbura yake yi, ya tsaga jikin injin kamar tulu. Shi ya sa ake haɗa kulan, wato maganin da ke hana ruwan lagireto daskarewa, da ruwa rabi da rabi, haɗin da ke jure sanyi har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Shi yakan ɗan ƙara kulan ɗin, kashi 60 cikin 100, don Winnipeg takan wuce hakan wasu dararen.

Ya sauya tamostat, allura ta hau tsakiya ta zauna. Gaban mota ya zama kamar ɗakin amarya. Na dawo gida ina taƙama, na ce Inna ta zo mu zaga. Ta shiga ta zauna, muka yi minti ashirin, ta sa hannu a ƙasa inda iskar baya ke fitowa, ta ce, "Har yanzu firjin ne, sai dai an gyara wa direba."

Na koma. Wannan karon ya ɗaga motar sama, ya ba ni tocila ya ce in bi shi. A ƙarƙashinta ya nuna mini bututu biyu siririya da suka taso daga inji suka bi gefen dama har bayan tayar baya. Irin waɗannan dogayen motoci suna da ƙaramin lagireto na biyu da fankarsa a bango ta baya, ruwan zafi sai ya yi tafiyar mita uku ko fiye a waje, cikin iska da dusar ƙanƙara, kafin ya isa. Ya ce in taɓa. Bututun da ke kai ruwa yana da zafi, wanda ke dawowa da shi sanyi ƙalau. Ruwa yana zuwa ƙofa amma ba ya ratsawa. Kuma duk inda aka ɗaure bututun da ƙarfe, gishirin da ake zuba wa tituna ya cinye shi, wani wuri har yana tsattsafo da kore-koren ruwa. Ta nan kulan ke raguwa a hankali, iska tana shiga gurbinsa. Ya ce iskar kan taru a cikin ƙaramin lagireton ta tsaya kamar toshiya, famfo ya yi ta turawa a banza.

Aikin ya ɗauki yini guda, ni kuma na zauna ina kallo don na gaji da biyan kuɗin abin da ban gane ba. Ya yanke inda ya ruɓe ya sa sabo. Ya cire tiyo biyun ƙaramin lagireton baya, ya tura ruwa ta baibai, wato ta inda ya saba fitowa, wata laka ruwan ƙasa-ƙasa ta yi ta zubowa cikin bokiti har ruwan ya washe. Sannan sai abin da ya fi ɗaukar lokaci, fitar da iska. Ya ɗaga gaban motar da jak yadda bakin lagireto zai zama wuri mafi tsayi, ya kafa mazurari a kai ya cika da kulan, ya kunna inji, ya buɗe hitar gaba da ta baya har ƙarshe. Muka tsaya muna kallon mazurari yana ɓulɓulo da kumfa jefi-jefi, kamar tukunyar da ta kusa tafasa. Kusan minti arba'in. Can sai ruwan ya yi ƙasa gaba ɗaya da wata ƙara, ya ƙara cikawa, ya ce in je baya in ji. Na sa hannu na janye. Ya gargaɗe ni abu biyu kafin in tafi: kada in kuskura in buɗe murfin lagireto injin yana da zafi, kuma kada in bar kulan a inda yara za su kai hannu, don yana da zaƙi kuma guba ne.

Na ɗauka an gama. Asabar ta zagayo, muka cika motar mu takwas, ɗumi ya game ko'ina, Inna ta yaye bargo ɗaya. Sai gilasai suka fi na da lalacewa. Da ƙanƙara ce siririya, yanzu raɓa ce take tsatsa a sama tana gangarowa ta daskare a ƙasa. Gilashin gaba ma da yake lafiya ya fara dushewa daga gefe. Maman yara tana goge mini da gefen mayafinta, duk inda ta goge sai ya bar zane ya sake rufewa.

Abu na farko da tsohon ya yi da na sake zuwa, ya shinshina cikin motar, ya shafa yatsa a gilashin gaba ya murza. Ya ce idan ƙaramin lagireton gaba yana yoyo, za ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, raɓar kuma ta yi maiƙo. Nawa babu. Sai ya ɗaga kafet ɗin ƙasan kujerar tsakiya ya danna soson da ke ƙarƙashi, ruwa ya taso tsakanin yatsunsa. Ya kalli madannin da na bari a kunne, fitilarsa tana ci. Ya zagaya but, ya ture buhun shinkafa da dardumai, ya ga salatif ɗina. Bai ce komai ba, ya ɓanɓare shi a hankali ya miƙo mini kamar an ba ni rasit.

Bayanin da ya yi mini a tsaye, daga baya na zauna na bi shi da alƙalami, don ya ci karo da duk abin da na taso na sani. Iska mai ɗumi tana ɗaukar ruwa da yawa, mai sanyi kaɗan. A digiri 20, iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe tana iya riƙe kimanin giram 17 na tururi. A sifili ba ta kai giram 5 ba. A digiri 20 ƙasa da sifili, wajen giram ɗaya kacal. Wato iskar da nake gudu, wadda ke waje, ta fi ta hunturun Zariya bushewa, shi ya sa leɓe da dunduniya ke tsagewa a nan fiye da gida. Idan ka shigo da ita ka ɗumama ta, ƙishirwa take ji, duk danshin da ta tarar sai ta shanye. Mutum ɗaya kuwa yana zaune kawai yana fitar da wajen giram 40 na ruwa a awa, ta numfashi da fata. Mu takwas, cikin awa ɗaya da rabi mun fesa ledar fiya wata guda a cikin motar. Ga dusar da ke maƙale a takalma goma sha shida tana narkewa a kafet, yanzu da ɗumi ya samu tana tashi sama. Duk ruwan nan ba shi da inda za shi. Na hana sabuwar iska shigowa ta gaba, na toshe mata mafita ta baya, don ramukan da na liƙe ƙofofi ne masu ɗan marfin roba da ke buɗewa waje ta bayan bamba, an yi su ne don iskar ciki ta fice. Sai ruwan ya nemi wuri mafi sanyi ya kwanta, kuma babu abin da ya kai gilashi sanyi.

Na yi masa gardama kaɗan. Na ce ai shigo da iskar waje ɓarnar zafi ce. Ya ce injin da ke aiki yana zubar da zafi ta salansa da lagireto fiye da abin da motsa motar ke ci, ba zafi ne ya yi maka kaɗan ba, hanya ce ka hana shi. Ya ƙara da cewa lokacin ƙuruciyarsa, kafin hitar motoci ta yi ƙarfi, mutanen Manitoba wasu faifan roba masu haske suke liƙa wa gilashi, su bar siririn fili na iska a tsakani, ta nan kawai direba ke gani duk tsawon sanyi. Ya ce in gode wa Allah.

Busar da motar shi ne aikin da ya fi ba ni wuya, kuma babu bakaniken da zai yi maka shi. A waje kafet ba ya bushewa, daskarewa yake yi ya jira ka. Abokin aikin nan nawa yana zaune a bene mai wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa da ake ɗumamawa, ya ara mini gurbinsa daga daren Juma'a zuwa Lahadi. Na cire kujerun tsakiya, na ɗaga kafet na tokare shi da katako, na matse soson da tsofaffin tawul har hannuna ya yi ciwo, na kafa fankar gida biyu a ciki, na bar gilasai a sauke. Ranar Lahadi na shimfiɗa tabarmin roba masu ɗagaggen baki kamar faranti, waɗanda ke tara ruwan a zubar. Na sauya filtar iskar da ke bayan aljihun dashbod, tsohuwar ta cika da ganye da ƙura ta yi baƙi ƙirin, rabin ƙarfin fankata ita ke cinyewa. Na wanke gilasai daga ciki sau biyu, na bi da busasshen tsumma. Wannan na ƙarshen na raina shi da farko, amma tururi yana son datti, a kan maiƙon hannun yara da ƙura yake fara kamawa, gilashi mai tsabta yana daɗewa kafin ya dushe.

A can ƙasan benen kuma na gyara gilashin baya. Layukan nan jajaye-jajaye da ke kwance a jikinsa wayoyi ne da ke ɗumama shi, uku daga cikin nawa sun mutu, shi ya sa tsakiya ba ya washewa. Na haska tocila na bi su ɗaya bayan ɗaya har na ga inda suka katse, ƙarfen keken yara ne ya karce su. Ana sayar da wani ɗan fenti mai ɗaukar lantarki don haka. Ka liƙa salatif sama da ƙasan layin, ka shafa fentin a tsakani, ka bar shi ya kwana a wuri mai ɗumi. Biyu sun tashi. Na ukun har yau bai tashi ba, na shafa sau uku na haƙura. Tun ranar na kafa doka: ba mai kankare gilashin baya da kati ko da farce.

Akwai wadda ta ba maman yara shawarar a cika safa da tsakuwar nan mai shan danshi da ake zuba wa kyanwa, a ajiye a dashbod. Mun yi. Ba ta cutar da komai, tana ɗan taimakawa idan mota ta kwana, amma safa ɗaya ba za ta shanye numfashin mutum takwas ba. Wani Bahaushe direban tirela kuma ya nuna mini abin da suke kwana da shi a bayan kujera, wata hitar dizal ta kamfanin Webasto na Jamus, wadda wutarta ke ci a rufaffen gida, hayaƙin ya fita ta ƙasa, iska mai tsabta ce kawai ke shigowa. Abin ya burge ni, amma ta masu kwana a mota ce da inji a kashe. Ni da nake kai yara makaranta ba ni da hujjar huda ƙasan motata.

Abin da ya rage ɗabi'a ce, kuma ita ta fi sayen kaya wuyar kamawa. Kusan kowace mota a garin nan za ka ga wata 'yar igiyar lantarki tana leƙowa daga hancinta, wuraren ajiye motoci da yawa kuma akwai turaku masu soket. Igiyar tana zuwa wani ƙarfe ne da ke ɗumama ruwan cikin injin. Da ina ganin ta ne kawai don mota ta tashi da safe, ashe tana sa hita ta fara ba da ɗumi da wuri. Na sa mata agogon da ke kunna ta awa uku kafin mu fita, ba sai ta kwana tana cin wuta ba. Sau ɗaya na ja mota da igiyar a soke, na tsinka ta, tun daga nan nake rataya ta a madubin gefena yadda ba zan shiga ban gan ta ba. Kafin in kunna inji ina share dusar da ta taru a gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa, don ta nan motar ke shaƙar iska, idan ka bar ta fanka za ta zuƙo ta ta fesa maka a gilashi. Ina duba bakin salansa kada tudun ƙanƙara ya toshe shi, kuma na rataya 'yar na'urar da ke ƙara idan ta ji gubar hayaƙi a bayan kujerar tsakiya. Minti biyu ko uku a tsaye sun isa, injin ya fi saurin zafi idan ana tafiya a hankali. Fankar baya ba na kunna ta sai allura ta motsa, in ba haka ba sanyi za ta hura wa Inna, ta kuma sace ɗan zafin da gilashin gaba ke buƙata.

Yara kuma kowa sai ya zauna a bakin ƙofa ya buga takalmansa da juna kafin ya shigo da ƙafa, ba mai ɗora jaka a kan ramin da ɗumi ke fitowa. Auta ce ta zama 'yar sandan wannan doka, har kakarta ba ta ƙyalewa. Idan muka iso gida da dare, ina kashe inji in buɗe ƙofofin duka na minti ɗaya, iskar da muka jiƙa ta fice busasshiya ta maye gurbinta. Maƙwabta na kallo na kamar mai taɓin hankali, amma da safe gilasaina a washe suke. Esi kuwa, wanda da na rantse ba zan taɓa kunnawa da sanyi ba, shi ke cire danshi a watan Oktoba da Maris, lokacin da iskar waje ke da laima. Idan sanyi ya yi tsanani motar kan kashe shi da kanta, lokacin kuma ba a buƙatarsa.

Jarrabawar ta zo a tsakiyar Janairu, da aka yi wa wani ɗan'uwa haihuwa a Brandon, tafiyar kilomita ɗari biyu da 'yan kai yamma da Winnipeg a kan babbar hanya mai lamba 1. Da asuba ma'auni ya nuna 31 ƙasa da sifili. Muka fita garin lafiya, muka wuce Portage la Prairie gilasai garau, sai kawai na ga na baya sun fara dushewa daga but zuwa gaba, da sauri. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan wani tiyo ya fashe. Na sauka gefen hanya na buɗe but, tururi ya buge ni a fuska, da ƙamshin daddawa. Kular miyar taushe ce ta maman yara, murfinta ya goce, ga masa kusan ɗari a kwando an lulluɓe ta da tawul tana ta numfashi. Na ce, "Haba Hajiya, wata biyu ina yaƙi da ruwa ke kuma kin ɗauko mini tafki." Ta ce, "To Malam, ka je sunan hannu rabbana mana." Muka ɗaure murfin da ɗankwali, muka zura kwandon cikin babbar leda, na ja su nesa da ramukan iskar, na ƙara fankar gaba, na ɗan sauke gilashi ɗaya na baya kamar faɗin yatsa. Kafin mu yi kilomita goma sun washe, sai kusurwar hagu ta can ƙarshe, wadda duk ranar da sanyi ya wuce 30 sai ta yi furen ƙanƙara kamar tafin hannu, ko me na yi.

Rana ta fito a bayanmu. Ta madubi na hango Inna ta ninke bargunanta biyu ta ɗora a cinya, ta matso jikin taga tana kallon fili fari shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ba dutse ba tudu, sai rumbunan hatsi na ƙarfe jefi-jefi. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Kai ɗan nan, duk wannan gona ce?" Na ce gona ce Inna, alkama da kanola ake shukawa idan ƙanƙara ta narke. Ta ce, "To rage mini wutar nan, ƙafata ta fara gumi."